Auna Bango Kafin a Buga Ƙusa: Darasi Kan Ƙawata Ɗaki da Babban Zane



A fitowarmu ta wannan mako mun ɗauko darasin da ya haɗa lissafi da zane-zane wuri guda. Za mu yi bayanin yadda ake ƙawata ɗaki da babban zane ko babban hoto ba tare da an ɓata ɗakin ko an ɓata hoton ba. Wani zai ce ai wannan aikin manya ne. To, idan za a kafa firam a falo, wa ake cewa ya hau kujera ya riƙe? Idan za a yi wa Yaya jere, su wa ke miƙo kaya? Idan shugaban makaranta ya ce kowane aji ya gyara bangonsa, su wa ke yin aikin? Mu ne. Saboda haka gara mu san ƙa'idar abin.

Babban hoto yana da tsada, yana da nauyi, kuma ƙusa idan ta huda bango ta huda ke nan. Abin da muke so mu nuna shi ne, kafin a sayi hoto ko a zana shi, ana iya sanin girman da ya dace da ɗaki ta hanyar lissafin da muke yi a aji. Kayan aikin su ne tef irin na tela, rula, fensir da takarda.

A duk cikin darasin nan, idan muka ce tsayi muna nufin daga ƙasa zuwa sama. Idan muka ce faɗi muna nufin daga hagu zuwa dama.

Kalmomi biyu: ma'auni da daidaito

Ma'auni shi ne girman abu idan aka kwatanta shi da abin da ke kusa da shi, musamman jikin mutum da ɗakin da abin yake. Agogon bangon da ya cika ido a ɗakin Umma, idan aka kai shi babban ɗakin taro na makaranta sai ya koma kamar murfin kwalba. Agogon bai ragu ba, ɗakin ne ya fi ƙarfinsa. Haka kuma allon ajinmu, da za a kai shi ɗakin kwana a kafa, da ya cinye bangon gaba ɗaya.

Daidaito kuwa shi ne yadda sassan abu guda suka dace da juna. Mu ɗauki tutar Najeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959. Faɗinta ninki biyu ne na tsayinta, wato 1 da 2, kuma an raba faɗin gida uku daidai: kore, fari, kore. Idan tsayin tuta santimita 60 ne, faɗinta zai zama 120, kowane launi ya samu 40. Ko a littafi aka zana ta ko a bangon makaranta, wannan rabon ba ya canzawa. Wanda ya taɓa jan hoto a kwamfuta ta gefe ɗaya kawai ya ga abin da ke faruwa idan daidaito ya lalace: fuskar mutum sai ta baje kamar faifai.

A taƙaice, ma'auni yana tsakanin hoto da ɗaki, daidaito yana tsakanin tsayi da faɗi. Hausawa sun haɗa su a magana ɗaya: daidai ruwa daidai tsaki.

Zanen da aka yanke don bango ya yi masa kaɗan

Don mu ga irin asarar da rashin awo ke jawowa, bari mu leƙa birnin Amsterdam na ƙasar Holan. A 1642 wani shahararren mai zane, Rembrandt, ya gama wani ƙaton zane na ƙungiyar masu gadin gari. Sunan da aka san zanen da shi, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne Sintirin Dare. Ya yi shekara 73 a zauren taron masu gadin.

A 1715, bayan Rembrandt ya daɗe da rasuwa, aka ɗauke zanen aka kai shi ginin hukumar birni. Wurin da aka ware masa yana tsakanin ƙofofi biyu, kuma zanen ya fi wurin girma. Maimakon a nemi wani bango, sai aka yanke zanen ta gefe huɗu. Ta hagu aka fi yankewa, fiye da rabin mita, har mutum biyu da ke tsaye a gefen suka fita daga zanen. Har yau ba a ga guntayen da aka yanke ba.

Yankan ya canja tsarin zanen. Da can shugaban masu gadin da mataimakinsa suna ɗan gefe, kamar masu tafiya suna nufar tsakiya. Bayan yankan sai suka koma tsakiya cak. An san haka ne saboda wani mai zane, Gerrit Lundens, ya kwafi zanen a ƙaramin allo tun kafin a yanke shi. A 2021 gidan tarihi na Rijksmuseum ya yi amfani da wannan kwafin da kuma kwamfuta aka sake buga gefunan da suka ɓata, aka jera su kusa da zanen don mutane su ga yadda yake da farko. Duk da yankan, tsayin zanen ya haura mita 3 da rabi, faɗinsa ya haura mita 4.

Waɗanda suka fara da auna wuri

Akwai kuma waɗanda suka san bangon kafin su taɓa fenti. A 1563 wani mai zane ɗan Italiya, Paolo Veronese, ya gama zanen wata walimar biki mai ɗauke da mutum kusan 130. An yi shi ne musamman don bangon ƙarshe na wani dogon ɗakin cin abinci a birnin Venis, saboda haka ya cika bangon daga gefe zuwa gefe. Tsayinsa mita 6.77, faɗinsa mita 9.94. A 1797 sojojin Napoleon suka kwashe shi zuwa Faransa, kuma yanzu yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris.

A ɗaki ɗaya yake da hoton Mona Lisa, suna fuskantar juna. Mona Lisa kuwa tsayinsa santimita 77 ne kawai, faɗinsa 53. Mu yi lissafi. Filin babban zanen shi ne 6.77 sau 9.94, kimanin murabba'in mita 67. Filin ƙaramin shi ne 0.77 sau 0.53, kimanin 0.41. Idan aka raba 67 da 0.41 za a samu fiye da 160. Wato filin babban zanen ya ninka na Mona Lisa fiye da sau 160. Ƙaramin yana son a matso kusa da shi, babban kuma sai an ja da baya sosai kafin a gan shi duka.

Shi kuwa Claude Monet na Faransa, ɗakin aka gina don zanensa. Ya zana furannin bado a kan ruwa, manyan zane guda 8, kowanne tsayinsa kusan mita 2, jimlar faɗinsu kimanin mita 91. An shirya musu ɗakuna biyu masu siffar ƙwai a gidan tarihi na Orangerie a Faris, aka buɗe su a 1927, 'yan watanni bayan rasuwarsa. Wanda ya tsaya a tsakiyar ɗakin, zanen ya kewaye shi ta ko'ina.

Na ƙarshe shi ne Guernica, wanda Pablo Picasso ya zana a 1937 bayan jiragen yaƙi sun yi wa garin Guernica na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai. Tsayinsa mita 3.49, faɗinsa kusan mita 7.8. Ko a ɗakin aikin Picasso sai da aka ɗan karkata shi kafin ya tsaya, kuma da tsani ya riƙa kaiwa samansa. Yanzu yana birnin Madrid. Ku auna bangon ajinku daga ƙasa zuwa silin, ku gani ko zai shiga.

Abin da muka gada a gida

Wannan ilimi akwai shi a wajen maginanmu tun da daɗewa. Duk wanda ya ratsa tsohon birnin Zariya, ko cikin ganuwar Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga gidajen da aka yi wa zane a fuskar zaure. Maginin yana fara zanen ne daga ƙofa, ya kewaye ta, sannan ya baza shi gwargwadon faɗin bangon. Dagi da sauran siffofin da yake fitarwa manya ne, domin daga kan hanya ake kallonsu. Da zai yi su ƙanana kamar aikin hula, mai wucewa ba zai ga komai ba.

Haka jeren amarya na gargajiya yake. Manyan kwanuka a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙanana a can sama, layi bayan layi. Kwano ɗaya ƙaramin abu ne, amma idan aka jera su da tsari sai bangon ya zama kamar babban zane guda. Gwaggo da Inna da suke tsayawa daga bakin ƙofa suna cewa "a ɗan matsa da wancan", ma'auni da daidaito suke dubawa da ido.

A yau abubuwan da muke kafawa sun haɗa da firam na ayoyi, hoton Ka'aba, darduma mai zane, taswira, kalanda, da hoton biki ko na kammala karatu. Akwai gidajen da ba a rataye hoton mutum ko na dabba. Ƙa'idojin da ke ƙasa suna aiki a kan duk abin da gida ya zaɓa ya kafa.

Ƙa'idoji biyar

Waɗannan shawarwari ne da masu ƙawata ɗaki suka saba bi. Ana iya ƙarawa ko ragewa kaɗan idan ɗakin ya buƙaci haka.

Ta farko, faɗi. Idan za a kafa hoto a saman doguwar kujera ko teburi, faɗinsa ya kasance tsakanin kashi biyu cikin uku da kashi uku cikin huɗu na faɗin abin da ke ƙarƙashinsa. Misali, kujera mai cin mutum uku tana da faɗin santimita 180. Raba 180 gida uku, ka ɗauki biyu: 120. Raba 180 gida huɗu, ka ɗauki uku: 135. Hoton da ya dace yana tsakanin 120 da 135. Idan ya fi kujerar faɗi, sai ka ga kamar zai danne ta. Idan faɗinsa 40 ne kawai, sai ya yi tsuru a bango kamar wanda aka manta da shi. Idan babu kujera, sai a auna filin bangon da babu komai. Tsakanin taga da ƙofa idan akwai santimita 150, hoto mai faɗin 100 ya isa, a bar 25 a kowane gefe.

Ta biyu, tsayi daga ƙasa. Gidajen tarihi da yawa suna sa tsakiyar zane a kan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, domin nan ne daidai idon yawancin manya idan suna tsaye. A lura, tsakiyar hoton ake aunawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai hoto can kusa da silin, har mai kallo sai ya ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata. A nan muna da ƙarin shawara: a duba yadda ake zama a ɗakin. Ɗakin da ake zama a kan tabarma ko kafet, ido yana ƙasa, don haka a sauko da hoton kaɗan. Haka ajin 'yan firamare, idonsu bai kai na malam ba.

Ta uku, rata. Tsakanin saman kujera da ƙasan firam a bar santimita 15 zuwa 20. Idan ratar ta yi kaɗan, wanda ya jingina zai buga ƙeya. Idan ta yi yawa, hoton da kujerar sai su zama kamar ba su san juna ba.

Ta huɗu, nisan mai kallo. Ka tsaya inda aka fi zama ko tsayawa a ɗakin. Idan sai ka juya kai hagu da dama kafin ka ga hoton duka, ya yi wa ɗakin yawa. Shi ya sa babban zane ba ya dacewa da siririn lungu, ko da bangon lungun yana da faɗi.

Ta biyar, babba ɗaya a bango ɗaya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan aka kafa babban firam, sannan aka cusa kalanda uku da agogo da madubi a gefensa, ido zai rasa inda zai sauka. A bar masa fili kewaye da shi, sauran kayan a kai su wani bangon. Idan kuma babu kuɗin babban hoto, a yi dabarar jere: ƙananan firam guda shida, a jera uku a sama uku a ƙasa, da ratar santimita 5 zuwa 8 a tsakaninsu. Sai a auna su gaba ɗaya kamar hoto guda, a bi ƙa'ida ta farko da ta biyu.

Zana bangon a takarda

Yanzu ga inda darasin ma'aunin taswira zai yi mana amfani. A ce bangon falo faɗinsa santimita 360, tsayinsa 270. Za mu zana shi da ma'aunin 1:20, wato santimita 1 a takarda yana wakiltar santimita 20 a bango.

Faɗi: 360 raba 20, an samu 18.
Tsayi: 270 raba 20, an samu 13.5.

Takardar A4 tana da santimita 21 da 29.7, saboda haka bangon zai shiga cikinta. Sai mu zana kujerar. Faɗinta 180, tsayinta 80, a takarda ta zama 9 da 4. Idan akwai taga, ƙofa ko makunnin wuta, duk a auna a saka. Sannan mu yanko ƙananan kwalaye masu wakiltar hotunan da ake tunanin saye. Hoto mai faɗin 120 da tsayin 80 zai zama kwali mai 6 da 4. Sai mu yi ta matsar da shi a kan takardar har mu ga inda ya zauna.

Mu duba ko ƙa'idojin sun haɗu. Kujera 80, rata 20, ƙasan firam yana kan 100. Tsayin hoton 80, rabinsa 40, tsakiyarsa tana kan 140. Wannan ya yi kusa da 145, kuma tun da a zaune ake a falo, ya yi daidai. Saman firam ɗin yana kan 180, saura 90 kafin silin.

Bayan takarda sai gwaji a bangon kansa. A haɗa tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti a yanke su daidai girman hoton, a manna a bango na kwana ɗaya ko biyu. Kowa ya shigo ya gani, a zaune da a tsaye. Idan Baba ya ce ya yi girma, almakashi kawai za a sa. Gara a yanke jarida da a yanke zane kamar yadda aka yi a Amsterdam.

Ina za a buga ƙusa?

A nan ma akwai lissafi. Yawancin firam suna da igiya ko waya a baya. Ka ja igiyar sama da yatsa har ta miƙe kamar an rataye ta, ka auna daga nan zuwa saman firam. A ce an samu santimita 10. Idan ana son tsakiyar hoto mai tsayin 80 ta zauna a kan 145, ga yadda za a yi:

145, a ƙara rabin tsayin hoton, wato 40, an samu 185. Nan ne saman firam.
185, a cire 10 na igiya, an samu 175. Nan ne wurin ƙusa.

A sa alama da fensir, a sake aunawa, sannan a buga. Rami ɗaya ya isa.

Yadda ake girmama ƙaramin zane

Wani lokaci mu ne za mu zana abin da kanmu, kamar taswirar Najeriya a bangon aji. Yaya za a ɗauko ta daga littafi a mayar da ita ƙatuwa ba tare da ta karkace ba? Dabarar ita ce layukan gidan dara. Masu zane na tsohuwar Masar sun yi amfani da ita a bangon gine-ginensu. A tsarin da suka daɗe suna bi, mutumin da ke tsaye yana cin gida 18 daga tafin ƙafa zuwa inda gashin goshi ya fara. Shi ya sa mutanen da suka zana, manya da ƙanana, suke da tsari iri ɗaya.

A ce taswirarmu faɗinta santimita 20, tsayinta 16. Sai mu ja layuka a kanta, kowane gida santimita 2 da 2. Za mu samu gida 10 a kwance, 8 a tsaye. Muna so ta girma sau 10, wato faɗi 200, tsayi 160. A bango sai mu ja gida 10 da 8 da alli, amma kowane gida santimita 20 da 20. A ba gidajen kwance lamba, na tsaye harafi. Sannan a kwafi abin da ke cikin kowane gida zuwa ɗan'uwansa na bango, ɗaya bayan ɗaya. Idan Lokoja, inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, ta faɗa gida na E4 a takarda, dole ta faɗa E4 a bango. Bayan an gama sai a goge allin.

Sharaɗin shi ne a ninka tsayi da faɗi da lamba ɗaya. Idan aka ninka faɗi sau 10, tsayi sau 7, Najeriyar da za a samu ba wadda muka sani ba ce.

Ninki biyu yana nufin ninki huɗu

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi aljihu da kuma lafiya. Idan aka ninka tsayi sau biyu, aka ninka faɗi sau biyu, filin hoton yana ninkuwa sau huɗu ne. Hoto mai 60 da 40 filinsa murabba'in santimita 2,400. Mai 120 da 80 filinsa 9,600. Wato fentin da zai ci ninki huɗu ne, yadi ninki huɗu, gilashi ninki huɗu. Taswirarmu da ta girma sau 10, filinta ya ninku sau 100. Duk ajin da zai haɗa kuɗin fenti ya san da wannan tun kafin a fara karɓa.

Sai nauyi. Gilashi mai kaurin milimita 3 yana da nauyin kilo 7.5 a kowane murabba'in mita. Gilashin ƙaramin firam ɗin kilo 1.8 ne. Na babban kilo 7.2 ne, ban da katako. Ƙusar da ta riƙe ƙaramin ba lallai ta riƙe babban ba. Saboda haka:

A rataye babban firam a kan ƙusa biyu, ya fi zama kuma ba ya karkata.
Bangon bulo da siminti yana son ƙusar kankare.
Bangon ƙasa yana zubewa idan aka ɗora masa nauyi, don haka darduma, yadi mai zane ko zanen fenti sun fi dacewa da shi.
Kada a kafa firam mai gilashi a saman gado ko inda ake kwantar da jariri.
Hawa tsani da buga ƙusa a bar wa manya. Namu shi ne awo da lissafi, da tsayawa daga nesa mu ce "ya karkace".

Kuma a guji bangon da rana ke dukansa kai tsaye ta taga, domin launi yana kodewa. Bangon da ke yin danshi da damina shi ma yana lalata takarda.

Idan rubutu ne a cikin firam

Rubutu yana da nasa ma'aunin. Masu rubuta alluna suna da shawarar cewa kowane mita 3 na nisa yana buƙatar harafi mai tsayin santimita 2.5. Idan bencin ƙarshe na aji yana mita 9 daga bango, haruffan taken aji su kai santimita 7.5. Gidaje da yawa suna ɗaga firam na ayoyi sama don girmamawa. Idan za a yi haka, a zaɓi mai manyan haruffa yadda wanda ke zaune zai iya karantawa. Ko wannan allo da kuke karantawa, kanun labarinsa sun fi sauran rubutun girma ne don su jawo ku daga nesa.

Aikin gida

Ga tambayoyi biyar. A rubuta amsa da sunan aji a jefa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a.

1. Teburi yana da faɗin santimita 150. Nawa ne kashi biyu cikin uku na faɗinsa?
2. Bango yana da faɗin santimita 480 da tsayin 300. Da ma'aunin 1:20, nawa zai zama a takarda?
3. Za a zana tutar Najeriya mai tsayin santimita 45. Nawa ne faɗinta, kuma nawa kowane launi zai samu?
4. Firam yana da tsayin santimita 60, igiyarsa tana santimita 8 ƙasa da samansa. Ana son tsakiyarsa a kan 145. A ina za a buga ƙusa?
5. Gilashi mai kaurin milimita 3 yana da tsayin mita 1 da faɗin mita 1.5. Kilo nawa ne nauyinsa?

Bayan haka, kowa ya ari tef ya auna bango ɗaya a gidansu, ya zana shi da ma'aunin 1:20, ya kawo mana. Za mu manna waɗanda suka fi tsafta a wannan allo tare da amsoshin tambayoyin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.